Mutumin da Yake Fara Ɗauke wa Gidansa Wuta

Ranar da muka kai mijin yayata makwancinsa, abin da ya fara ba masu gaisuwa mamaki ruwa ne. Mun dawo daga maƙabarta da hantsi, zafin bazara ya riga ya sauko, aka shimfiɗa tabarmi a rumfar ƙofar gida, aka fito da ruwa a kwanoni. Wani tsoho mai injin niƙa da ya zo daga Tsarnawa ya kurɓa, ya dakata, ya dubi kwanon.

"Wanga ruwa daga ina?"

"Daga cikin gida," aka ce masa.

"Gidan ga? Gidan Baban Kuran?" Ya sake kurɓa. "Ikon Allah. Sai da ya mutu ruwan gidanai ya yi sanyi."

Mai walda ne ya amsa daga ƙarshen tabarma, mutumin da ya yi shekaru ba ya gaisawa da mamacin. Bai ɗago kai ba. "Ya sha," ya ce. "Da idona na ga ya sha, tun bai kwanta ciwo ba." Daga nan ya ja bakin rawani ya rufe fuska. Shi ne kuma ya kama gaban makara tun daga gida, aka yi aka yi ya sakar wa wani, ya ƙi.

Matan da ke sayar da ƙanƙara a tasha sun shiga cikin gida a ayari, kukansu har waje. Tsofaffin abokan aikinsa sun zo daga Malbaza da Dogarawa da Illela, sun zauna wuri ɗaya suna magana ƙasa-ƙasa. A gefensu ga waɗansu samarin injiniyoyi daga Yamai, abokan aikin ɗiyarsa, sun rasa yadda za su naɗe ƙafa a tabarma. Na ji wani maƙwabci yana ce wa na kusa da shi: "Ban taɓa ganin wanda unguwa ta zaga kamar shi ba, ban kuma taɓa ganin wanda ta yi wa kuka kamar shi ba."

Na Allah muke, can kuma za mu tarar da shi. Ina rubuta wannan ne don yaran da suka kai mana ruwan nan ba su san dalilin mamakin tsohon Tsarnawa ba, kuma nan da ɗan lokaci ba za a sami mai gaya musu ba.

Aikin mijin yayata a kamfanin wutar lantarki yake, wadda a nan muke ce wa kuran, a ƴar tashar da ke bayan gari, inda babban layi ke isowa a rarraba shi zuwa unguwannin Konni da garuruwan kewaye. Idan wuta ta wadata, aikin ba wuya. Idan ta gaza, musamman da magariba a bazara, lokacin da kowa ya kunna fanka da fitila, dole wani ya sa hannu ya yanke wa waɗansu don saura su samu. A zamaninsa da hannu ake yi, kuma hannunsa ne. Yakan ce: "Hatsi a kan zuba shi rumbu ya jira ka. Wuta ba ta jiran kowa, sa'ad da anka yi ta a ka shan ta." Saboda haka rabin aikinsa hasashe ne. Zai dubi sama, ya tambayi ko motocin kasuwa sun shigo da yawa, ya ji ko an ga wata, sannan ya buga waya ya ce gobe ga abin da gari zai sha.

Ni ƙanin matarsa ne, akwai wasa tsakaninmu. Ina kiransa Sarkin Duhu, yana kirana Baƙon Gida, don rayuwata a hanya ta ƙare, ina aikin fitar da kaya a tashoshin jiragen ruwa. Duk dawowata tambayarsa ɗaya ce, tun ban cire takalmi ba: "To, can yaya su ka raba ta?" Sai in ba shi labari. A Akara na ji ana sanarwa a rediyo, unguwa kaza yau, unguwa kaza gobe. A Kano na ga kowa ya haƙura ya sayi injinsa. A Jidda ban ga an ɗauke ba ko sau ɗaya, abin da ya ƙi yarda da shi sai da shi ma ya je aikin hajji. Amma abin da ya fi tsaya masa shi ne da na ce a duk waɗannan garuruwa ba wanda ya san fuskar mai yankewa.

"Ba su san shi ba? Ko gidanai?"

"Ko sunansa."

Sai ya ce: "Wannan mutum yana barci."

A Konni kowa ya san shi, ya san ƙofar gidansa, ya san a wane sahu yake tsayawa a masallaci. Idan aka ɗauke wa unguwa wuta aka hango fitila a gidansa, magana ta ƙare. Don haka ya kafa wa kansa ƙa'idar da ba wani shugaba ya ba shi ba: duk ranar da wuta ta gaza, reshen unguwarmu yake fara yankewa, shi yake maidowa daga ƙarshe. Mu nan kara muke kiran wannan, mutum ya danne nasa don kada a ce ya fifita kansa. Uwa tana yi wa ɗanta a gaban ɗan wani, mai rabon nama yana yi wa gidansa. Shi sai ya yi ta da wuta, kuma ya haɗa da unguwa guda wadda ba ta ce ta yarda ba.

In ya tashi daga aiki ba ya ɓuya. Zai shimfiɗa buzunsa a ƙofar gida da mafici a hannu, duk mai zagi ya zo ya same shi. Injin wuta na gida kuwa, ko kyauta aka ba shi ba ya karɓa. Wata shekara na kawo wa yayata firigo daga Lome, sabo fil. Ta yi murna, ta zuba nama, naman ya lalace. Ta sake, ya sake lalacewa. Daga nan ta zare wayar, ta wanke shi, ta jera kwanonin aurenta a ciki. Shekara da shekaru firigon nan yana tsakar ɗakinta a matsayin kabad, da ƙyalle mai ado a kansa. In na zo takan buɗe shi ta ce: "Ga tsarabarka nan, ƙanina. Ba ɓera, ba kyankyaso. Allah shi yi albarka."

Mai walda bai ɗauki abin da dariya ba. Shagonsa yana bayan gidan yayata, aikinsa kuma ya fi yawa da yamma, lokacin da masu amalanke da ƴan kabu-kabu suka dawo. Wata rana ya tare mijin yayata a bakin masallaci, a gaban jama'a.

"Kai ka son a ce kana da gaskiya, mu ka biya! In kara za ka yi, yi da tuwon gidanka. Wa ya ba ka nawa?"

Mai walda ya kwashe kayansa ya koma bakin titi kusa da tasha, gaisuwa ta yanke. Bayansa tela ya bi, sai mai ɗaukar hoto. Mai niƙan unguwa ya tsaya a kan injinsa mai shan man gazuwal. Amma mutumin nan da ke yanke mana, shi ne zai hau tsohon babur ɗinsa da rana tsaka ya zagaya wurin masu ƙanƙara da masu niƙa na sauran unguwanni ya ce: "Yau ku yi da wuri, ba ta kai magariba." Ya je ɗakin shan magani ya ce su cika kwalaben sanyi na allura. Ba aikinsa ba ne, ba wanda ya sa shi.

Ɗiyarsa ta fari ita ta gaji sha'awar aikin wuta. Ba ya faɗin sunanta, kamar yadda iyayenmu ba sa faɗin na ɗan fari, ba ya kuma yabonta a gaban kowa. Da ta gama lakwal a Yamai, ta je waje ta ƙaro karatu ta dawo, sai ya sa mata Injiniya, ya huta. Lokacin ya daɗe da yin ritaya, ni ma na dawo gida na zauna. Aikin da aka ba ta da abokanta shi ne su koya wa kwamfuta hasashen wutar da kowane yanki zai buƙata, daga Konni har Malbaza da Illela. Da wannan hasashe za a san abin da za a tanada gobe, da shi kuma za a zaɓi inda za a kafa sababbin tiransifo, wato tukwanen da ke sauke wuta ga unguwa. Kaɗan ne aka samu, masu so da yawa, kuma wanda aka tsallake a wannan karo ba wanda ya san yaushe za a sake waiwayarsa.

Na zaci zai yi kishin na'urar. Na ga tsofaffin ma'aikata a tashar Abijan sun tsani kwamfuta kamar ta kashe musu uba. Shi kuwa ranar da ɗiyar ta zo hutu ta buɗe ta a zaure, sai ya jawo kujera har gwiwarsa na taɓa teburi.

"Wa ya gaya mata dokokin aikin?"

"Ba wanda ya gaya mata, Baba. Abin da ya wuce muka zuba mata, awa bayan awa. Ga abin da aka sha, ga zafin ranar, ga ko ran kasuwa ce, ga ko azumi ne. Ita ke neman abin da ke tafiya da wani. Sai mu ɓoye mata wata shekara mu ce ta faɗi abin da aka sha. In ta yi kure a nuna mata, ta gyara, ta sake."

"Har sau nawa?"

"Har ta daina kure mai yawa."

"Watau yadda anka koya mini," ya ce. "Sai dai ni da mari."

Daga nan wasa ya fara. Kullum da safe zai fita tsakar gida ya dubi sama, ya faɗi nasa hasashen, ta buɗe na na'ura, washegari a duba. Na'ura ta fi shi dacewa, nesa ba kusa ba, abin kuma daɗi yake masa. Ranar da ta gane cewa bayan ruwan farko gari yakan rage sha har kwana biyu ko uku, ya tafa hannu kamar jikansa ne ya fara tafiya. "Wa ya gaya mata? Ni sai da na yi furfura na lura!" Shi ma ya ba ta abin da babu a lissafin Yamai: cewa a nan bakin iyaka wani lokaci rabin gari ya bi ganin watan Sakkwato, rabi ya jira sanarwar Yamai, sai telolin sallah da masu niƙa su rabu gida biyu. Ɗiyar ta ƙara wannan, hasashen ya gyaru. Ya ce mini: "Baƙon Gida, duk yawonka ka taɓa ganin almajirar da ba ta gajiya da gyara?"

A zuwanta na gaba ba ta buɗe kwamfutar da murna ba. Ta same ni a gidana tukuna.

"Kawu, akwai abin da ban gane ba. Na'ura ta jera unguwanni, wadda za ta fi buƙata a sama. Tamu ce ta ƙarshe. Har ƙauyukan da ba su kai rabinmu ba sun fi mu. Na duba ko kuskuren lissafi ne, ba shi ba ne."

Na ce mu tafi wurin babanta. Ta nuna masa zanen, layin kowace unguwa yana hawa da magariba, namu yana kwance kamar macijin da aka taka. Ya daɗe yana kallo. Sai ya fara dariya, dariyar da ta koma tari.

"Ba ta yi ƙarya ba. Wallahi ba ta yi ƙarya ba. Injiniya, na'urarki ba unguwa ta koya ba, ni ta koya."

Sai a lokacin muka bi abin daki-daki. A tsofaffin shekarun ma'aunin yana kan babban layi ne, wanda ya haɗa mu da waɗansu unguwanni, ba a rubuta wane reshe aka yanke ba. Daga baya aka sa wa kowace unguwa nata ma'auni, amma kafin nan aikin gama ya gama. Mai walda ya tashi, tela ya tashi, ba mai sayen firigo, ba mai sayen injin niƙa na wuta. Waɗanda suka gaje shi a tasha kuma sun tarar ana fara yanke mu, suka ci gaba, don ba ma ƙorafi. Ko ranar da wuta ta zauna, ba mu da abin shan ta. Na'ura ta duba ta ga mutanen da ba sa sha, ta ce ba sa so.

"Tana ganin abin da anka ba mutum," ya ce, yana shafa gemu. "Ba ta ganin abin da anka hana shi. To mu ma haka mu ke."

Na ce abin mai sauƙi ne, ta gyara lambar unguwarmu. Su biyun suka dube ni kallo iri ɗaya, kamar na yi ashar a masallaci.

"Ni, Kawu? In ɗaga unguwar ubana da hannuna? Gobe a ce me?"

Shi ne ya samo hanya, kuma son sani ne ya kai shi. Ya ce in shi yana da hali, sauran masu yankewa ma suna da nasu, na'ura kuwa ta haɗiye su duka ba ta sani ba. Sai a je a tambaye su. Muka shiga motocin haya ni da shi, ɗiyar ta ba mu waya ta nuna mini inda zan danna in ɗauki murya. Tafiyar nan ita ce ta ƙarshe da muka yi tare, kuma ban taɓa ganinsa cikin nishaɗi haka ba, ga ƙafa tana kumbura, ga zafi.

A Dogarawa muka sami wani abokinsa a gindin bishiyar bedi. Bayan gaisuwa ya ce masa: "Tsakaninka da Allah, wa ka ka fara yankewa?" Mutumin ya yi dariya ya ce ƙauyuka, don kafin su yi sirdin jaki su zo ƙara wuta ta dawo. Na Malbaza ya ce shi ba ya taɓa layin da manyan ma'aikata suke, yana da iyali, sai nauyin ya faɗa wa unguwar masu saƙa tabarma. Na Illela ya ce yana tsallake duk inda ake biki ko rasuwa, don haka unguwar da ta fi yawan dangi ta fi kowa samu. Kowa ya faɗi nasa ba tare da jin ya yi laifi ba, kowa kuma ya yi mamakin na ɗan'uwansa. A mota muna dawowa ya ce mini: "Ka gani? Muna tsammani wuta mu ka rabawa. Ashe tsoronmu da kunyarmu mu ka rabawa."

Da waɗannan muryoyi ɗiyar ta san inda za ta nema. Inda duk aka nuna an saba yankewa, sai a daina ɗaukar abin da aka sha a matsayin abin da ake so. A ƙidaya gidaje da sana'o'i, a gwada da unguwa mai kama da ita wadda ba a yanke wa, a bar na'ura ta koya daga can. Abokan aikinta suka yarda, da sharaɗi ɗaya mai kyau: ba za a taɓa wani layi ba sai wanda ya riƙe shi ya shaida da bakinsa, don kada kowa ya zo ya ce an zalunci unguwarsu.

Ta saurari muryoyin a zaure, ta ɗago.

"Baba, saura guda."

"Sun cika."

"Naka babu."

"Kin san shi."

"Na san shi a matsayin ɗiyar gida. Ba zan iya sa shi ba sai ka faɗa a buro, ofishinmu, a gaban abokan aikina."

Ya ɗauki maficinsa ya shiga cikin gida. Mutumin da ya zagaya garuruwa yana tatsar gaskiya daga bakin abokansa, ya kasa faɗin tasa, don faɗinta roƙo ne wa ƙofar gidansa, abin da bai taɓa yi ba tun yana saurayi. Kwanaki suna tafiya, ranar rufe rahoton hasashen tana matsowa. Na yi masa magana da wasa, na yi da gaske. Ya ce: "A ce Baban Kuran ya tsufa ya zo neman wa kainai? Bari a ba waɗancan. Mu mun saba."

Yayata ce ta kawo ƙarshen abin, kuma ba ta ɗaga murya ba. Muna cin abincin rana ta kira shi ɗakinta, ta kira ni shaida. Ta yaye ƙyallen, ta buɗe firigon, ta fara fito da kwanoni ɗaya bayan ɗaya tana jerawa a ƙasa.

"Malam, ni na yi maka kara, ban taɓa kai ƙararka ba, ko wurin ƙanina. Ni matarka ce, na ɗauka. Amma matar mai niƙa ba matarka ba ce. Ungozomar da ke karɓar haihuwa da fitilar waya ba matarka ba ce. Da kana da aiki ka ce kar a zarge ka. Yanzu wa zai zarge ka? Ba wuta gare ka ba, ba maɓalli gare ka ba. Magana ɗai ta rage maka, ita ma za ka hana mu?"

Ta goge cikin firigon da tsumma, ta bar ƙofarsa a buɗe, ta fita.

Washegari ya sa babbar rigarsa ta Juma'a. Na raka shi buro. Samarin injiniyoyi suka miƙe, shugabansu ya ba shi kujera, ya ƙi zama. Ya fara da Faransanci irin na aiki, ya faɗi lambar layi, ya faɗi lokacin da ya saba yankewa. Ɗaya daga cikinsu, Bazabarme ne, ya tambaya cikin ladabi ko umarni aka ba shi. Ya ce a'a. To me ya sa? Ya ce kara ce, ya juyo ya dube ni, wai ni mai harsuna in fassara. Na buɗe baki, sai Bazabarmen ya ɗaga hannu yana murmushi, ya ce kakarsa ma haka take rabon nama, ya gane. Daga nan mijin yayata ya koma Hausa.

"Mutanen nan suna so. Sun daɗe suna so, ni na koya musu su daina tambaya. Na'urarku ba ta yi kure ba, abin da na nuna mata ta gani." Sannan ya nuna ɗiyar da haɓa, ba tare da ya dube ta ba. "Ɗiyata ta gano shi. Ku bi abin da ta ce."

Tun haihuwarta ban taɓa jin ya ce ɗiyata a gaban mutane ba. Ta sunkuyar da kai a kan kwamfuta, ta daɗe tana danna abin da ban ga yana canzawa ba.

Da aka sake hasashen, unguwar masu tabarma ta Malbaza ta hau sama da mu, da ƙauyuka biyu na wajen Dogarawa. Wannan ya fi komai kwantar masa da hankali, ya yi ta maimaitawa ga duk wanda ya zo: "Ba mu na farko ba." Amma mun shiga. Da aka zo kafa tiransifo a bakin masallaci, mai walda ne ya haɗa ƙarafan da aka ɗora shi a kai. Da ya gama ya tsaya a ƙofar gidan yayata ya yi sallama, karo na farko a shekaru. Yayata ta aiko da ruwa kwano biyu daga firigon, wanda ya tashi da ƙara kamar tsohuwar mota amma ya tashi. Mijin yayata ya kurɓa, ya yamutsa fuska.

"Yana kashe haƙori," ya ce. "A kan wanga kunka yi ta zagina?"

Mai walda ya yi dariya har ruwa ya sarƙe shi. Ba a yi wata biyu ba ciwon ƙafar mijin yayata ya hau, ya kwanta, bai tashi ba.

Bayan sadakar bakwai, da baƙi suka ragu, ɗiyar ta same mu a ɗakin yayata, yayata tana takaba a kan tabarma, firigon yana gurnani a gefenta.

"Inna, Kawu, na'ura ta yi babban kure a unguwarmu makon nan. Ta ce za a sha kaɗan, aka sha fiye da ran sallah. Kowane gida ya sauki baƙi, kowa ya kunna fanka, masu ƙanƙara sun jona firigonsu a maƙwabta." Ta yi ɗan murmushi. "Irin waɗannan kwanaki muna cire su ne, don ba za su sake dawowa ba, kar su rikita ta. Na zo cirewa na kasa."

Allah ya jiƙansa, ya yafe masa abin da ya hana da abin da ya bayar, ya haskaka kabarinsa. Na faɗi haka a zuciyata ina jiran abin da yayata za ta ce, don na ga ta ajiye carbi.

"In kin bar su, mi za ta yi?"

"Za ta ɗan zaci muna sha fiye da yadda muke sha. Kaɗan dai."

"To cire sauran, kar a ce mun ci na wani," in ji yayata. "Amma ranar da anka kai shi, ki bar mata ita. Ta koyi duk abin da ya hana unguwar ga. Bari ta san yini guda da anka kunna komi saboda shi."